Ƙungiyoyin ƙwadago na jami'o'in Sudan

Ƙungiyoyin ƙwadago na jami'o'in Sudan su ne ƙungiyoyi da kwamitocin da malaman jami'a da sauran ma'aikatanta suka kafa domin kare albashi, da tsaron aiki, da 'yancin jami'a daga hannun gwamnati. Sun shahara a tarihin ƙasar saboda rawar da suka taka wajen kifar da gwamnatocin soja a 1964 da 1985 da 2019. A Sudan, rage ma'aikatan jami'a bai cika zuwa da sunan tsimin kuɗi ba. Ya fi zuwa ta hanyar korar siyasa, da albashin da ba ya kai mutum ƙarshen wata, da ƙaurar malamai zuwa ƙasashen Larabawa, sannan daga 2023 ta hanyar yaƙi. Shi ya sa yawancin gwagwarmayar waɗannan ƙungiyoyi ta kasance ta neman a bar su su wanzu, kafin ma a kai ga teburin ciniki a kan albashi.

Asali

Ƙwadagon Sudan ya samo tushe daga ma'aikatan jirgin ƙasa na garin Atbara, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1946, suka kuma tilasta wa gwamnatin mulkin mallaka amincewa da ita bayan yajin aikin 1947. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta biyo baya a 1948, sannan aka kafa tarayyar ƙungiyoyin ma'aikatan Sudan a 1950, wadda Shafi'u Ahmad Asshaikh ya zama fitaccen jagoranta. Jami'ar Hartum kuwa ta tsiro ne daga Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902 da makarantar likitanci ta Kitchener ta 1924, ta zama cikakkiyar jami'a a 1956, shekarar samun 'yancin kai. A shekarun farko malamanta ba su da yawa, albashinsu yana da kyau idan aka kwatanta da na sauran ma'aikatan gwamnati, kuma ƙungiyarsu ta fi mayar da hankali kan 'yancin jami'a da maye gurbin malaman ƙetare da 'yan ƙasa.

Oktoba 1964 da Afrilu 1985

Janar Ibrahim Abbud ya rushe ƙungiyoyin ƙwadago bayan ya karɓi mulki a Nuwamba 1958. A ranar 21 ga Oktoba 1964 'yan sanda suka far wa wani taron ɗalibai a Jami'ar Hartum da ake tattauna matsalar kudancin ƙasar, aka harbe ɗalibi Ahmad Alƙurashi. Malaman jami'ar suka haɗa kai da lauyoyi da alƙalai da likitoci da ma'aikata da manoman yankin Jazira da ke kudu da Hartum a wata gamayyar ƙwararru, suka kira yajin aikin gama-gari, kuma cikin 'yan kwanaki majalisar sojan da Abbud ke mulki da ita ta rushe. Daga nan yajin aikin siyasa ya zama makamin da ƙwararrun Sudan suka fi amincewa da shi.

Ja'afar Numairi ya karɓi mulki ta juyin mulkin soja a 1969 da goyon bayan masu ra'ayin gurguzu, amma bayan yunƙurin juyin mulki na Yuli 1971 ya sa aka rataye Shafi'u Ahmad Asshaikh, ya kuma jawo ƙungiyoyin ƙwadago ƙarƙashin jam'iyyarsa ɗaya tilo. Duk da haka ƙungiyoyin ƙwararru sun riƙe wani ɗan 'yanci. Da aka ƙara farashin burodi da man fetur a ƙarshen Maris 1985, ƙungiyar malaman Jami'ar Hartum tana cikin waɗanda suka kafa gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago tare da likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da ma'aikatan banki, kuma gidan hutawar malaman jami'ar ya zama matattarar shirye-shirye. Sojoji suka tuɓe Numairi a ranar 6 ga Afrilu, shugaban ƙungiyar likitoci Aljazuli Dafa'allah ya zama firaministan riƙon ƙwarya.

Kora da sauya tsarin ƙungiyoyi bayan 1989

Gwamnatin Umar Albashir, wadda ta zo a ranar 30 ga Yuni 1989, ta san wannan tarihi sarai, don haka ta rushe ƙungiyoyin ƙwadago tare da jam'iyyu tun a umarninta na farko. Aka shiga sallamar ma'aikatan gwamnati da hujjar “maslahar jama'a”, wato a kori mutum ba tare da tuhuma ko shari'a ba, a cike gurbinsa da mai biyayya ga gwamnati, manufar da aka sani da tamkin. Majiyoyi sun saɓa a kan yawan waɗanda abin ya shafa a dukan aikin gwamnati, amma sun haɗu a kan cewa dubbai ne masu yawa. Jami'o'i sun rasa gogaggun malamai a wannan lokaci, wasu an kore su, wasu an tsare su a gidajen azabtarwa na sirri, kamar Farfesa Faruƙ Muhammad Ibrahim na tsangayar kimiyya a Jami'ar Hartum, wanda aka kama a ƙarshen 1989. Yajin aikin likitoci na Nuwamba 1989 ya ƙare da yanke wa ɗaya daga jagororinsa hukuncin kisa, ko da yake ba a zartar ba, kuma likita Ali Fadul ya rasu a tsare a Afrilu 1990.

Abin da ya fi kora yin illa mai ɗorewa shi ne dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1992. Ta soke ƙungiyar sana'a, ta kawo ƙungiyar ma'aikata guda ga kowace ma'aikata, ta yadda farfesa da akawu da direba da mai gadi suka koma cikin ƙungiya ɗaya a kowace jami'a, ƙarƙashin tarayya guda da gwamnati ke riƙe da linzaminta. Dokokin 2001 da 2010 sun ci gaba da wannan tsari. Wanda ya daɗe yana shugabantar tarayyar a shekarun 2000, Ibrahim Gandur, shi kansa farfesan likitancin haƙori ne a Jami'ar Hartum kuma jigo a jam'iyya mai mulki, daga baya ya zama ministan harkokin waje. Masu kare tsarin sun ce ya daidaita babba da ƙarami. Malamai suka ce an yi shi ne domin a nutsar da muryarsu cikin yawan ƙuri'un da hukuma za ta iya sarrafawa, kuma abin da ya biyo baya ya ƙarfafa hujjarsu, domin da wuya a sami wata kora ta siyasa da ƙungiyoyin hukuma suka tsaya tsayin daka a kanta. Sai dai dole a faɗa cewa ƙungiyar sana'a ta dā ita ma ba ta taɓa ɗaukar kukan ƙananan ma'aikata da muhimmancin da ya cancanta ba.

Kuɗin jami'o'i

Kafin 1989 jami'o'in ƙasar ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: Hartum, da Jami'ar Musulunci ta Umdurman, da Jazira, da Juba, da reshen Jami'ar Alƙahira a Hartum wanda ya koma Jami'ar Nilain a 1993. Ƙarƙashin abin da gwamnati ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi, daga wajen 1990, aka ninka yawan ɗaliban da ake ɗauka, aka mayar da koyarwa zuwa Larabci, aka buɗe sababbin jami'o'i a jihohi, ciki har da Kasala da Sinnar da Gadarif da Damazin da Bur Sudan da Alfashir da Nyala. Aka kuma janye ciyarwa da masaukin kyauta daga hannun jami'o'i, aka miƙa lamarin ga wani asusun kula da ɗalibai na ƙasa.

Kuɗin da gwamnati ke bayarwa bai ƙaru daidai da wannan faɗaɗawa ba. Jami'o'i suka koma dogaro da ɗaukar ɗalibai masu biyan kuɗi mai yawa, da kwasa-kwasan difloma, da malaman wucin gadi da ake biya gwargwadon sa'o'in koyarwa. Malami ɗaya kan zagaya jami'o'i biyu ko uku a mako domin ya haɗa abin cefane. Ɓallewar Sudan ta Kudu a Yuli 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, ta ƙara tsananta lamarin. Jami'o'in kudu uku da ke zaune a Hartum tun lokacin yaƙin basasar kudu suka koma gida, aka kafa Jami'ar Bahri a 2011 domin ɗaukar malamai da ɗaliban arewa da suka rage, ma'aikata 'yan asalin kudu kuma suka rasa aikinsu a arewa tare da matsayinsu na 'yan ƙasa.

Ƙaura zuwa Saudiyya

Mafi yawan malaman da suka bar jami'o'in Sudan sun tafi ne da ƙafarsu, kuma Saudiyya ce ta fi ɗibarsu, musamman da ta buɗe sababbin jami'o'i a lardunanta daga tsakiyar shekarun 2000. A can babu ƙungiyar ƙwadago kuma ba a yajin aiki. Doka ta amince ne kawai da kwamitocin ma'aikata a manyan kamfanoni tun 2001, su ma na 'yan ƙasa ne. Malamin Sudan yana aiki ne da kwantiragin da ake sabuntawa shekara-shekara, ana iya ƙin sabunta shi idan an sami ɗan ƙasa da zai maye gurbin. Harajin da aka ɗora wa baƙi a kan iyalansu daga Yuli 2017, wanda ya fara da riyal 100 a wata a kan kowane mutum ya kai 400 a 2020, ya sa wasu mayar da iyalai gida.

Daga 2012 zuwa 2023

Da yake ƙungiyoyin hukuma ba su da amfani, ƙwararru suka fara kafa nasu a ɓoye. Ana danganta tushen Gamayyar Ƙwararrun Sudan da yunƙurin da aka fara wajen 2012, wanda malaman Jami'ar Hartum ke ciki, ko da yake ta fi tsayuwa da ƙafarta daga 2016. Batun da ta fara fitowa da shi a 2018 na albashi ne zalla, domin mafi ƙarancin albashi yana nan a fam 425 na Sudan a wata yayin da farashi ke tashi. Da zanga-zanga ta ɓarke a Disamba 2018, sai ta mayar da tattakin da ta shirya na neman ƙarin albashi zuwa na neman saukar Albashir, wanda sojoji suka tuɓe a ranar 11 ga Afrilu 2019.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta sauya shugabannin jami'o'in gwamnati da dama, ta buɗe ƙofar mayar da waɗanda aka kora saboda siyasa, ta rushe ƙungiyoyin zamanin Albashir a Disamba 2019, aka naɗa kwamitocin riƙo a madadinsu. An yi saɓani a kan wannan mataki, har a tsakanin masu adawa da tsohuwar gwamnati, domin wasu na ganin ba aikin gwamnati ba ne ta rushe ƙungiya ko ta naɗa mata shugabanni. A 2020 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa fam 3,000, amma hauhawar farashi ta cinye ƙarin: a Fabrairu 2021 aka karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, kuma hauhawar ta haura kashi 400 cikin ɗari a tsakiyar shekarar. A Maris 2021 Sudan ta amince da yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya game da 'yancin kafa ƙungiya, amma sabuwar dokar ƙwadago ba ta fito ba har juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021. Janar Abdulfatah Alburhan, wanda ya jagoranci juyin mulkin, ya sake sauya shugabannin jami'o'i a Maris 2022, ya dakatar da ayyukan ƙungiyoyin ƙwadago a Nuwamba na shekarar. Duk da haka kwamitin malaman jami'o'in Sudan ya jagoranci yajin aiki a kan tsarin albashi har farkon 2023.

Daidaito a wurin aiki

Ƙungiyar Matan Sudan da aka kafa a 1952 ce ta jagoranci neman albashi ɗaya ga aiki ɗaya, da fansho da hutun haihuwa ga mata, kuma Fatima Ahmad Ibrahim, mace ta farko da ta shiga majalisar dokoki a 1965, ta kai batun zauren majalisa. An amince da ƙa'idar albashi ɗaya ga aiki ɗaya a ƙarshen shekarun 1960, Sudan kuma ta karɓi yarjejeniyoyi na 100 da 111 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kan daidaiton albashi da hana wariya a wurin aiki, a 1970. Mata sun yawaita a cikin ɗalibai da ƙananan malamai, amma sai a 2019 aka naɗa mace ta farko shugabar Jami'ar Hartum, masaniyar tarihi Fadwa Abdurrahman Ali Taha, wadda ta ajiye muƙamin a Maris 2022.

Ga Hausawan Sudan, waɗanda ke zaune a Mai Wurno da Sinnar da Damazin da Gadarif da Kasala da Wad Madani da Bur Sudan, daidaito ya fara ne daga takardar zama ɗan ƙasa, domin ba a shiga aikin gwamnati sai da ita. Dokar 1957 ta shardanta cewa kakannin mutum ta wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, alhali babban ayarin da ya kafa Mai Wurno ya taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903 a arewacin Nijeriya, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, wasu kuma alhazai ne da suka yada zango suka shiga noman auduga a Jazira bayan 1925. Dokar 1994 ta mayar da sharaɗin zuwa 1 ga Janairu 1956, kuma jami'o'in jihohi sun kawo karatu da aiki kusa da garuruwan Hausawa, wanda alheri ne na gaske da faɗaɗawar ta haifar duk da aibobinta. Ƙungiyoyin ƙwararru, waɗanda Hartum ce cibiyarsu, ba su sanya wariyar asali a sahun gaba na buƙatunsu ba, kuma rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yuli 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin ya nuna cewa tambayar wane ne ɗan ƙasa ba ta mutu ba.

Bayan ɓarkewar yaƙi

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF a ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe jami'o'in Hartum da Darfur, sannan na Jazira bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023. An wawushe ɗakunan gwaje-gwaje da ɗakunan karatu, albashi ya tsaya na watanni sannan ya dawo a gutsure, jami'o'i masu zaman kansu kuma sun tura ma'aikata hutun da babu biya. Wasu jami'o'i sun koma koyarwa ta intanet, suna shirya jarrabawa a garuruwan gabas da arewa da kuma cibiyoyi a Masar da Saudiyya. Sojoji sun sake karɓar Wad Madani a Janairu 2025 da Hartum a Maris 2025, daga nan ma'aikatar ilimi mai zurfi ta fara kiran jami'o'i su koma mazauninsu, malamai kuma suna neman a biya su bashin albashinsu a gyara tsarinsa.