Me ake nufi da madadin sukari?

Da zarar likita ya ce sukarin mutum ya hau, sai shawarwari su yi ta zuwa. Wannan ya ce a koma zuma, wancan ya ce mazarƙwaila, wata ta ce ita dabino take niƙawa a kunun gyaɗa. Duk ana kiransu madadin sukari, haka ma 'yan ƙwayoyin nan da ake jefa ɗaya a kofin shayi. Sai dai kashi biyu ne, kuma aikinsu a jiki ya sha bamban.

Na farko su ne zuma da mazarƙwaila da dabino, kuma gaskiyar magana dukkansu sukari ne. Mazarƙwaila ruwan rake ne aka dafa har ya daskare, raken da ake tace farin sukari daga jikinsa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga baligi, kuma ta sa zuma cikin lissafin. Dabino ya ɗan fi dama saboda ana cinsa da namansa, yana kuma ƙosarwa. Duk da haka mai ciwon sukarin da ya zauna ya cinye cike da hannu lokacin buɗa-baki, na'urar gwaji za ta tona masa asiri. Zuma kuwa ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Kashi na biyu sinadarai ne masu tsananin zaƙi da ba sa ɗaga sukarin jini kamar farin sukari. Dattijonsu shi ne sakarin, wanda aka gano a Amurka a 1879, zaƙinsa ya ninka na sukari kusan sau 300. Shi ne wasu masu zoɓon sayarwa ke sakawa don rage tsada, shi ya sa za ka kurɓa ka ji zaƙi, sannan wani ɗaci-ɗaci ya maƙale maka a maƙogwaro. Akwai asfatem na cikin lemon kwalba marar sukari, da sukuralos, da sitibiya wadda ake samu daga ganyen wani tsiro na ƙasar Faraguwai.

A madafa ake gane halin kowanne. Asfatem ba ya jure wuta, zaƙinsa gushewa yake yi, don haka sai an sauke kunu ya ɗan huce ake sa shi. Sukuralos yana jurewa. Sitibiya ta dace da zoɓo da shayi, amma in ta yi yawa sai ɗaci, gara a fara da ɗan kaɗan ana ɗanɗanawa. Inda duk suke gazawa shi ne cincin da kek da gullisuwa, domin a nan sukari ne ke ba da launin ja da danƙo. A ganina rage sukarin ya fi cire shi gaba ɗaya a irin waɗannan. A zoɓo kuwa, citta da kanumfari suna rufe giɓin zaƙi fiye da yadda ake zato.

A watan Mayun 2023 hukumar lafiyar ta ce kada a dogara da waɗannan sinadarai don rage ƙiba, domin babu hujjar suna yin hakan a tsawon lokaci. Shawarar ba ta shafi masu ciwon sukari ba. Bayan wata biyu aka sa asfatem cikin abubuwan da mai yiwuwa su jawo ciwon daji, amma ba a sauya iyakar da aka amince da ita ba, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 na lemo mai asfatem kullum kafin ya wuce ta.