Dalilin da Ya Sa Dokar Dimokuraɗiyya Ba Ta Sakin Jiki da Shugaba

Wanda ya zauna ya karanta kundin tsarin mulkin wata ƙasa ta dimokuraɗiyya zai tarar yawancinsa hani ne da gindaya sharuɗɗa. Shugaba ba zai wuce shekara kaza a kan kujera ba. Ba zai taɓa kuɗin baitulmali ba sai majalisa ta amince. Ba zai kori alƙali don hukuncinsa bai yi masa daɗi ba. Waɗanda suka rubuta irin waɗannan dokoki sun san ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma giyar mulki takan bugar da mai hankali ma. James Madison, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara kundin Amurka, ya rubuta a 1788 cewa da mutane mala'iku ne, da ba a buƙatar gwamnati. Tsare-tsaren dimokuraɗiyya sun bambanta ne a kan tambaya ɗaya: cikin raunin ɗan Adam, wanne aka fi tsoro?

Mutanen birnin Atina na ƙasar Girka, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, masu kuɗi da masu zaƙin baki suka fi tsoro, domin su ne ke iya juya zaɓe. Saboda haka majalisarsu mai mutum 500 da ƙuri'ar sa'a ake cika ta, wanda ta faɗa wa shi ne ɗan majalisa. Wanda kuma aka ga ƙarfinsa na neman fin ƙarfin gari, ana iya kaɗa ƙuri'a a kore shi shekara 10. Sai dai mata da bayi da baƙi ba su da bakin magana, kuma kotun jama'a, taron ɗaruruwan 'yan gari, ita ce ta yanke wa masanin falsafa Sokratis hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Ashe taro ma yana da son zuciya.

Tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, wanda kundin Amurka na 1787 ya kafa, yana tsoron abu biyu a lokaci guda: mutum ɗaya ya zama sarki, ko masu rinjaye su danne sauran jama'a cikin fushi. Maganin da ya kawo shi ne raba iko gida uku, ra'ayin da masanin Faransa Montesquieu ya yi bayaninsa a 1748. Majalisa ke yin doka, shugaba ke zartarwa, kotu ke fassarawa. Hikimar da ke ciki ita ce ba a ce kowa ya daina son girma ba, an san ba zai daina ba. Sai aka sa kishin wannan ya zama birkin wancan. Majalisa ta yi doka, shugaba na iya hawa kujerar na-ƙi. Idan kashi biyu cikin uku na kowane zaure suka dage, dokar ta wuce ko yana so ko ba ya so. Hatta wa'adi an karkasa shi: ɗan majalisar wakilai shekara 2, shugaba 4, sanata 6, don kada guguwar zaɓe ɗaya ta kwashe komai.

Tsige shugaba a wannan tsari da wuya yake, kuma da gangan aka wahalar da shi. Majalisar wakilai ke tuhuma, ta dattawa ke shari'a, kuma sai an sami kashi biyu cikin uku. An tuhumi Andrew Johnson a 1868, Bill Clinton a 1998, Donald Trump a 2019 da 2021, ba wanda aka cire. Amfanin wannan shi ne gwamnati ba ta faɗuwa kullum. Illarsa kuwa, idan aka yi zaɓen tumun dare, sai haƙuri har wa'adi ya cika. Najeriya da ta rungumi tsarin a 1979 ta ƙara sharaɗin da ya dace da nata tsoron, wato mutum ya tsaya ga nasa kaɗai: bayan rinjaye, sai ɗan takara ya sami aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi.

Tsarin firaminista irin na Birtaniya ya ɗauki wata hanya. Jama'a na zaɓen 'yan majalisa, wanda ke da goyon bayan mafi yawansu shi ke kafa gwamnati, kuma ranar da suka janye hannu ya sauka. A 1979 gwamnatin James Callaghan ta faɗi a ƙuri'ar yanke ƙauna da ratar ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310. A 2022 Liz Truss ko wata biyu ba ta cika ba 'yan jam'iyyarta suka juya mata baya. A nan shugaba kullum yana waiwaye, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma firaministan da ya riƙe jam'iyyarsa gam, ga rinjaye mai yawa, kusan duk dokar da ya so sai ta wuce, tunda majalisa da gwamnati hannu ɗaya ne.

Gyaran da Jamus ta yi wa wannan tsari ya fi burge ni, domin ya fahimci cewa haɗa kai a rusa ya fi sauƙi a kan haɗa kai a gina. Bayan yawan faɗuwar gwamnatoci da ƙasar ta gani kafin hawan Hitler a 1933, sashe na 67 na kundin 1949 ya ce majalisa ba za ta sauke shugaban gwamnati ba sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'ar nan ɗaya. Ƙiyayya kaɗai ba ta isa ba, sai masu ƙin sun yarda da mutum ɗaya. Sau ɗaya aka yi nasara, a 1982, lokacin da Helmut Kohl ya gaji Helmut Schmidt.

Faransa tun 1958 ta haɗa biyun, ga shugaban ƙasa ga firaministan da majalisa ke iya kayarwa. Idan jam'iyyunsu suka saɓa, sai zaman 'yan marina. Shugaba Mitterrand da Firaminista Chirac sun yi shi daga 1986 zuwa 1988 suka rabu lafiya. A Nijar, irin wannan zama tsakanin Mahamane Ousmane da Hama Amadou ya ƙare da juyin mulkin Janairun 1996. Siwizalan kuwa ta ƙi ba mutum ɗaya ragamar gaba ɗaya: mutum bakwai ke gwamnati, shugabancin na zagayawa duk shekara, kuma sa hannun mutum 100,000 ya isa a kira ƙuri'ar raba gardama kan gyaran kundi. Duk da haka sai a 1971 mazan ƙasar suka yarda mata su yi zaɓen tarayya.

Inda duk waɗannan dabaru ke da ɓaraka shi ne jam'iyya. Doka ta ɗauka ɗan majalisa zai yi kishin majalisarsa. Idan tikitin takararsa da abin da yake samu suna hannun shugaba, sai ya koma ɗan amshin shata, birkin ya tsinke alhali ba a taɓa ko harafi ɗaya a kundin ba. Shi ya sa ƙayyade wa'adi ke da muhimmanci, kuma shi ne sashen da masu mulki suka fi kai wa farmaki. Amurka ma sai da Franklin Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu kafin ta rubuta iyakar zango biyu a 1951. A watan Mayun 2006 majalisar dattawan Najeriya ta yi watsi da gyaran da zai ba da zango na uku, maganar ta mutu nan take. A 2009 kotun tsarin mulkin Nijar ta ce wa tazarce a'a, Shugaba Tandja ya rusa majalisa, ya rusa kotun, ya shirya ƙuri'ar raba gardama a watan Agusta. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi.