Tasirin Zamantakewa ga Lafiyar Matasa Masu Tasowa

Tasirin zamantakewa ga lafiyar matasa wani reshe ne na binciken kiwon lafiyar al'umma, wanda ke duba yadda halin da yaro ya taso a ciki yake shafar jikinsa da hankalinsa: abin hannun iyayensa, makarantarsa, unguwarsu, abokansa da dokokin ƙasarsu. A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, matasa masu tasowa su ne 'yan shekara 10 zuwa 19. Yawansu ya kai kimanin biliyan 1.3, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na mutanen duniya.

An daɗe ana ɗaukar waɗannan shekaru a matsayin na ƙoshin lafiya, tunda yaro ya tsallake cututtukan yarinta, na tsufa kuma ba su iso ba. Sai dai manyan abubuwan da ke kashe su, irin su haɗarin mota, kisan gilla, kashe kai, nutsewa a ruwa da matsalolin ciki da haihuwa ga 'yan mata, ba allurar rigakafi ke tare su ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai daga cikinsu na fama da larurar ƙwaƙwalwa. Taba da giya ma galibi a wannan tsakanin ake koyonsu.

Asalin fannin

Da manya aka fara. Binciken Whitehall, wanda aka soma a 1967 kan ma'aikatan gwamnati a Landan, ya nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar muƙamin ma'aikaci, gwargwadon haɗarin mutuwarsa da wuri, alhali duk suna da albashi da asibiti kyauta. Michael Marmot, wanda ya jagoranci kashi na biyu na binciken daga 1985, shi ne ya shugabanci kwamitin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2005 kan tasirin zamantakewa ga lafiya, wanda ya fitar da rahotonsa a 2008.

Ta ɓangaren matasa kuwa, masana daga Finlan da Norwe da Ingila sun ƙirƙiro binciken HBSC, mai nazarin lafiya da ɗabi'un yara 'yan makaranta, a 1982. Duk shekara huɗu ana raba takardun tambayoyi ga ɗalibai 'yan shekara 11 da 13 da 15 a ƙasashe fiye da 40. Da yake yaro bai cika sanin abin da mahaifinsa ke samu ba, sai aka bi ta bayan gida: gidanku akwai mota? Kana da ɗakinka kai kaɗai? Kwamfuta nawa gare ku? Da amsoshin ake auna wadatar iyali, dabarar da ke aiki a Turai amma ba lallai ta dace da ko'ina ba.

A Amurka, binciken Add Health ya fara bin diddigin ɗalibai sama da 20,000 tun 1994. Sakamakonsa na 1997 ya nuna cewa yaron da ya shaƙu da iyayensa, yake kuma jin ana yi da shi a makaranta, ya fi kuɓuta daga damuwa, shaye-shaye da tunanin kashe kai.

Gano musabbabi

Wuyar aikin ita ce rarrabe abin da ya haddasa da abin da kawai suka zo tare. Talauci da unguwa mara tsaro da makaranta mara inganci tare suke tafiya, to wa za a ɗora wa laifi? Shi ya sa gwaje-gwajen da aka yi da ƙuri'a, wato inda ƙuri'a ke raba waɗanda za a ba tallafi da waɗanda ba za a ba ba don a kwatanta su, suke da daraja, ko da yake ba su da yawa.

A 1994 gwamnatin Amurka ta fara wani shiri a biranen Baltimore, Boston, Chicago, Los Angeles da New York, inda aka ba wasu iyalai matalauta tallafin haya don su koma unguwannin da talauci bai yi katutu ba. Bayan 'yan shekaru, damuwa ta ragu a wurin 'yan mata, amma samari ba su samu sauƙi ba, wasu halayensu ma ƙara taɓarɓarewa suka yi. Da aka sake dubawa bayan sun girma, waɗanda aka kwashe kafin su kai shekara 13 sun fi waɗanda ba a ba iyalansu tallafin ba samun kuɗin shiga, waɗanda suka haura haka kuwa ba su ci ribar ƙaurar ba. Ashe sauyin unguwa ɗaya na iya yi wa wa da ƙanwarsa tasiri daban.

A gundumar Zomba ta Malawi, an riƙa ba 'yan mata 'yan makaranta da iyayensu ɗan kuɗi duk wata. Bayan wata 18, masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a cikinsu kashi 1.2 ne cikin ɗari, a rukunin da ba a ba komai ba kuwa kashi 3. Amma da aka daina biya, akasarin amfanin ya dusashe cikin 'yan shekaru.

Giɓin da ya rage

Kusan kashi 90 cikin ɗari na matasan duniya suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, amma mafi yawan bayanan daga ƙasashe masu arziki suka fito. Binciken da ake yi a aji kuma ba ya ganin wanda ya bar makaranta, wanda sau da yawa shi ya fi shiga haɗari. Shirin Young Lives na Jami'ar Oxford na cikin masu ƙoƙarin cike wannan giɓi: a 2002 ya fara bin yara 12,000 gida-gida a Habasha, Indiya, Peru da Biyetnam.