Waiwaye: Yadda layin dogo ya raya Baro, kuma ya tafi ya bar ta

Baro ƙauyen Nufawa ne a gaɓar Kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja. Wanda ya je can yau zai tarar da masunta da manoman shinkafa, kwale-kwale ɗaure a bakin ruwa, da tsofaffin ƙarafan dogo da ciyawa ta haɗiye a gindin tsauni. Da wuya ya yarda cewa daga nan aka fara shimfiɗa layin da ya kai jirgin ƙasa Kano.

Zurfin ruwa ne ya sa aka zaɓi wurin. Turawan mulkin mallaka suna neman hanyar fitar da kayan Arewa, musamman auduga da masaƙun Lankasha a Ingila ke ƙishirwarta, ba tare da sun jira layin Legas ba. Idan kogi ya cika, manyan jiragen ruwa kan iya hawowa daga bakin teku har Baro. A 1907 aka amince da aikin, a ƙarƙashin Gwamna Percy Girouard, injiniyan layin dogo ɗan ƙasar Kanada wanda ya gaji Lugga. Tsawon layin mil 356 ne, faɗin tsakanin ƙarafan kuma ƙafa 3 da inci 6, ya bi ta Katcha, Badeggi, Minna da Zariya. Ƙarfen ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912.

Wahalar aikin tana cikin yanayin kogin. Cikar Kwara a wannan yanki takan zo ne wajen Agusta zuwa Oktoba. Cikin waɗannan 'yan watanni dole a hawo da ƙarafa, kusoshi, taragai da kawunan jirgi da za su ishi aikin shekara guda, a jibge su a Baro. Abin da bai iso ba kafin ruwa ya ja, sai dai a bi da shi kaɗan-kaɗan a ƙananan jirage, ko a jira baɗi. Masu diga da kwandon ƙasa kuwa talakawa ne da aka ɗebo ta hannun sarakuna da hakimai, Nufawa da Gwarawa da farko, Hausawa daga baya da layin ya nausa arewa. An biya su lada da kuɗin Bature, amma da yawansu ba da son ransu suka bar gonakinsu ba, kuma wannan bai kamata ya ɓace daga tarihin layin ba.

A wannan zamani ne yawan jama'ar Baro ya haura. Arzikin garin duka yana kan abu ɗaya: sauke kaya daga ruwa a ɗora a tarago, a sauke na tarago a loda a jirgin ruwa. Kowane buhu sai ya bi ta kan lebura. Wannan ya jawo 'yan dako, akawuna da masu gyaran inji daga Kudu, fatake Hausawa, mata masu tuwon sayarwa, da sito-sito na kamfanonin Turawa. Turawan su kuma suka yi gidajensu a kan tsauni, nesa da sauron bakin kogi. Yawancin baƙin nan aiki suka biyo, ba gona suka zo yi ba.

Abin da Turawa suka yi tsammani ma bai zo daidai ba. Manoman Kano sun ga gyaɗa ta fi auduga kuɗi, ga shi kuma ana cinta idan shekara ta yi tsanani, sai ita ta cika taragai.

Zamanin Baro bai yi tsawo ba. Layin Legas ya iso Jebba a 1909, ya haɗu da na Baro a Minna, aka haɗe hukumomin jiragen biyu a 1912. Da farko a Jebba sai an ɗora taragai a kan jirgin fito a tsallaka da su, amma da aka gama gadar Jebba a 1916, buhun gyaɗa zai tashi daga Kano har Legas a tarago ɗaya, rani da damina. Babu ɗan kasuwar da zai zaɓi hanyar da za a sauke masa kaya sau biyu, kuma ya jira cikar kogi. Mil 111 na tsakanin Baro da Minna suka koma ɗan reshe mai motsi da damina. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse zirga-zirgar jiragen ruwa a ɓangaren kudu na kogin, manyan motoci suka kwashe abin da ya saura. Baƙi suka watse zuwa Minna, Kaduna da Kano, 'yan ƙasa suka koma wa kamun kifi da noman fadama. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Agaie baki ɗayanta mutum 132,907 ne, Baro kuwa ɗaya ce kawai daga cikin garuruwanta.

An yi yunƙurin farfaɗo da ita. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Baro, wadda ta ci kusan naira biliyan 6, da madogarar jirage mai tsawon mita 150. Sai dai a ranar da aka yanke kyallen, hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro, mai kimanin kilomita 50, ba ta kammala ba, layin dogon Minna a mace yake, yashi kuma yakan koma inda aka yashe duk damina idan ba a ci gaba da kwashe shi ba. Mutanen 1907 sun fara da tambayar inda kaya za su bi bayan sun sauka daga ruwa. A 2019 kuwa, ko da an sauke kwantena a Baro, ba ta da taragon da zai ɗauke ta, babbar motar da za ta zo ɗaukarta kuma sai ta yi fama da laka tun daga Agaie.