Masaukin Grand-Saint-Bernard

Masaukin Grand-Saint-Bernard zango ne na matafiya a kan mashigin duwatsun Alps mai wannan suna, a tsayin mita 2,469, a yankin Valais na ƙasar Siwizalan. Iyakar Italiya na nan kusa da shi, a gefen wani ɗan tafki da yake daskarewa mafi yawan shekara. Hanyar da ta bi ta wurin ta haɗa garin Martigny na Siwizalan da Aosta na Italiya.

Tarihi

Mashigin ya girmi masaukin nesa ba kusa ba. Romawa sun gina wa gunkinsu Jupiter ɗakin bauta a wurin, kuma an tono ƙananan allunan tagulla da matafiya suka bari don godiyar sun ƙetare lafiya. A wajajen shekarar 1050, wani limamin cocin Aosta mai suna Bernard ya kafa masaukin, saboda fatake da masu ziyarar ibada zuwa Roma suna halaka a hannun 'yan fashi da sanyi. Tun daga lokacin limaman Katolika ke riƙe da gidan. Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya iso a ba shi abinci da makwanci, ba a tambayar addininsa. A da, bayan dusar ƙanƙara ta zafto, su ne ke fita neman waɗanda ta binne.

A watan Mayun 1800 Napoleon, shugaban Faransa, ya ƙetare mashigin da dakaru kusan 40,000, ana jan igwa a cikin kututturen itace da aka fafe. Janar Desaix, ɗaya daga kwamandojinsa, wanda aka kashe a yaƙin Marengo bayan wata ɗaya, a majami'ar masaukin kabarinsa yake.

Karnuka

Ana kyautata zaton limaman sun fara kiwon manyan karnuka a ƙarshen ƙarni na 17, da farko don gadi, daga baya don gano hanya da sansano wanda ƙanƙara ta rufe. Mafi shahara shi ne Barry (1800 zuwa 1814), wanda aka ce ya ceci mutum sama da 40. Tulun giya da ake zanawa a wuyansu tatsuniya ce kawai. Tun 2005 wata gidauniya a Martigny ke kula da kiwonsu.

A yau

An buɗe hanyar mota ta ƙarƙashin dutse a 1964. Titin sama yakan rufe daga Oktoba zuwa Yuni, amma masaukin na karɓar baƙi ko da hunturu.