Shin sai haifaffen Rum ne ɗan ƙasa a Daular Rumawa?

An daɗe ana cewa a tsohuwar Daular Rumawa, sai wanda aka haifa a birnin Rum ko a Italiya ake ƙirgawa ɗan ƙasa. Ba abin mamaki ba ne, tunda daular ta ɗauki sunan birnin ne. Amma ba haka abin yake ba.

A wurinsu, zama ɗan ƙasa matsayi ne na shari'a, ana gadonsa, ana kuma bayar da shi. Bawan da ubangidansa Barume ya 'yanta bisa ƙa'ida yakan samu. Baƙon da ya yi shekara 25 a rundunar taimako, wato ta sojojin da ba 'yan ƙasa ba, shi ma yakan samu idan an sallame shi. Shaidarsa kuwa alluna biyu ne na tagulla, an zana sunansa da na rundunarsa, an ɗaure su da waya, shaidu bakwai sun buga hatimi. Sarki Seftimiyus Seberus, wanda ya hau mulki a 193 Miladiyya, a Leftis Magna aka haife shi, cikin Libiya ta yau. Ɗansa Karakala ne a 212 ya ba kusan duk 'yantaccen mutum a daular wannan matsayi. Mata ma 'yan ƙasa ne, sai dai ba sa zaɓe.

Mai son tabbatarwa ya nemi hotunan allunan nan, suna ajiye a gidajen tarihi da dama. Kuma duk bayanin da aka karanta, a duba wane zamani yake nufi, domin dokar ta sha canzawa: yawancin mutanen Italiya ma sai da suka yi yaƙin da ya ɓarke a 91 kafin Miladiyya sannan aka ba su.

Don Allah a tura wa 'yan uwa masu sha'awar tarihi.