Dokokin zaɓe na jihohin Amurka: tambayoyin da kuke ta maimaita min

'Yan uwa, duk lokacin da majalisun jihohi suka koma zama wayata ba ta hutawa, kuma tambayoyin dai su ne na bara. Bari in amsa su wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya sai in turo masa wannan.

An turo min a WhatsApp wai an canza dokar zaɓe a Amurka, gaskiya ne?

A wace jiha? Mene ne lambar ƙudirin? In saƙon bai faɗi waɗannan biyun ba, don Allah kar ka tura wa kowa.

To ba doka ɗaya ba ce ga ƙasar duka?

A'a. Tsarin mulkin ƙasar, sashe na 1 sakin layi na 4, ya bar wa majalisar kowace jiha ta tsara lokaci da wuri da yadda za a yi zaɓen 'yan majalisar tarayya, majalisar tarayya tana iya sa baki in ta ga dama. Jihohi 50 ne, kowace da nata. A Oregon ƙuri'a ake aiko maka gida ta gidan waya, a Dakota ta Arewa ma babu rajistar masu zaɓe kwata-kwata tun 1951. Abin da ɗan uwanka na Jojiya ya faɗa maka bai shafe ka ba in kana Ohayo.

Ni girin kad gare ni, wato katin izinin zama na dindindin, zan iya yin rajista?

Kar ka kuskura. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba in ya yi zaɓen tarayya laifi ne, kuma yana iya jawo a kore shi daga ƙasar. Ko a ofishin lasin tuƙi aka miƙo maka takardar, ka ce a'a. Wallahi wannan ce ta fi tayar min da hankali cikin dukkan tambayoyin.

Ina zan ga ƙudirin da idona?

Shafin intanet na majalisar jiharka, kyauta ne. Rubuta lambar, HB in daga majalisar wakilai ya fito, SB in daga ta dattawa, a Kalifoniya AB za ka gani, Nebraska kuwa LB saboda majalisarsu ɗaya ce tal. In kana son ganin jihohi da yawa lokaci guda akwai LegiScan da Ballotpedia da rumbun ƙungiyar majalisun jihohi NCSL, su Brennan Center da Voting Rights Lab ma suna bibiya amma ka sani su suna da ɓangaren da suke goyon baya, ka ɗauki lambar a wurinsu ka koma ka karanta asalin rubutun.

Turancin lauyoyi ne, ba na ganewa.

Za ka gane, kwantar da hankalinka. A yawancin jihohi abin da aka ja wa layi a ƙasa shi ne sabo, wanda aka soke da layi a tsakiya shi ake son cirewa, sauran duk tsohuwar doka ce aka kwafo. Ka kula da kalma biyu, "shall" dole ne, "may" kuma in jami'i ya ga dama. Sannan ka gangara can ƙarshe ka nemi ranar fara aiki. Kuma ka tabbata bugu na ƙarshe ka buɗe, domin a kwamiti ana iya kwashe cikin ƙudiri kaf a zuba wani abu daban lambar tana nan yadda take. Irin wannan ne ya sa masu zaɓe a Kalifoniya suka amince a 2016 cewa sai an wallafa rubutun ƙarshe awa 72 kafin majalisa ta kaɗa masa ƙuri'a.

Na ji an yi sabuwar doka kuma ana goge sunaye daga rajista, ni wace ƙa'ida ce za ta hau kaina a zaɓen nan?

Wannan ita ce tambayar gaske, kuma duk wanda ya ba ka amsa da kalma ɗaya bai yi maka adalci ba, domin ya danganta da abubuwa da yawa. Da farko ka duba ko dokar ma ta zama doka. Wani dattijo maƙwabcina ya zo min da waya hannunsa na rawa, wai an ce za a hana duk wanda ba a ƙasar aka haife shi ba zaɓe sai ya sake kawo takardu, muka zauna muka buɗe shafin majalisa, a layin mataki na ƙarshe aka rubuta an miƙa wa kwamiti, kwanan watan kuma wata takwas baya, majalisar ma ta riga ta tashi. Mafi yawan ƙudirori haka suke mutuwa a kwamiti babu wanda ya ko saurare su. Sai dai ka lura, wasu jihohin suna ɗauko ƙudirin da bai mutu ba zuwa shekara ta biyu ta zangon, kuma gwamna yana iya kiran zama na musamman. A Teksas haka aka yi a 2021, 'yan Dimokurat suka bar jihar zuwa birnin Washinton a watan Yuli don kada adadin zama ya cika, kowa ya ɗauka magana ta mutu, amma zuwa Satumba gwamna Greg Abbott ya sa hannu a SB 1. Ko gwamna ya hau kujerar na-ƙi ma ba lallai an gama ba, a Karolina ta Arewa a 2023 gwamna Roy Cooper ya ƙi sa hannu a SB 747, majalisa ta tsallake shi, kuma dokar ta cire kwana uku na lamuni da ake ba ƙuri'ar da ta taho ta gidan waya.

To mu ce an sa hannu. Sai ka duba yaushe za ta fara aiki, a Teksas yawanci 1 ga Satumba, a Kalifoniya yawanci 1 ga Janairu, sai in an rubuta wata rana daban a ciki. Bayan nan kuma ga kotu, alƙali yana iya dakatar da wani sashe ya bar sauran, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da shi bayan sati biyu, kuma tun hukuncin da kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Purcell a 2006 kotunan tarayya ba sa son taɓa ƙa'ida in zaɓe ya matso, don haka mai yiwuwa ka yi zaɓe da dokar da ake cikin shari'a a kanta. Shi ya sa ni ba na ce wa kowa ga ƙa'idarka daga labarin wata uku baya.

Maganar goge suna kuwa, dokar tarayya ta 1993 ta ce jiha ta kammala sharar rajista ta bai-ɗaya kwana 90 kafin zaɓen tarayya, amma wannan bai hana cire wanda ya rasu ko wanda ya nema da kansa ba. Kuma ba a cire mutum don kawai bai yi zaɓe ba, sai dai a 2018 kotun ƙoli ta amince da tsarin Ohayo, in ka shekara biyu ba ka yi zaɓe ba a aiko maka kati, in ba ka mayar ba kuma ka ƙara shekara huɗu shiru, a cire ka. Katin nan ɗan ƙarami ne, kamar na talla, cikin takardun kantuna yake zuwa, mutanenmu shara suke jefa shi. Haba jama'a, minti biyu ne cike shi. Shawarata, wata biyu kafin zaɓe ka shiga shafin hukumar zaɓen jiharka ko vote.gov ka duba sunanka da adireshinka, ka ɗauki hoton shafin ka ajiye, ka sake dubawa kafin a rufe rajista, a Teksas misali kwana 30 kafin zaɓe ake rufewa. In ka ga wani abu ba daidai ba ka kira ofishin zaɓe na gundumarka, su ne ke riƙe da littafin. In kuma ka je rumfa ba a ga sunanka ba kar ka juya gida, dokar tarayya ta 2002 ta ba ka damar ƙuri'ar wucin-gadi, ka karɓi takardar da za ka bibiya da ita ka ga ko an ƙirga, ka kuma tambaye su nan take kwana nawa gare ka ka kawo shaida, domin wa'adin ya bambanta daga jiha zuwa jiha kuma gajere ne.

Mutane za su iya ganin wanda na zaɓa?

A'a, babu mai gani. Abin da ake gani a yawancin jihohi shi ne sunanka, adireshinka, jam'iyyar da ka rubuta in jihar tana tambaya, da zaɓukan da ka fito. A Ohayo da Karolina ta Arewa kowa na iya sauke rajistar kyauta.

Kenan adireshina yana waje? Ni ina gudun wani ne.

'Yar uwa, akwai tsarin ɓoye adireshi ga waɗanda aka ci zarafinsu a gida ko ake bibiyarsu, jihar Washinton ce ta fara a 1991 kuma yawancin jihohi suna da shi yanzu. Ki shiga tsarin tukuna kafin ki yi rajista a sabon gidan, in sunan ya riga ya fita janyo shi da wuya.

Me ya sa majalisar jiharmu shiru bana?

Wataƙila kina Teksas, Montana, Nebada ko Dakota ta Arewa. Su a shekarun mara kawai suke zaman yau da kullum, irin 2023 da 2025.

Ni ba kowa ba ne, in na yi magana za a ji?

Lokacin zaman kwamiti ake ji, kuma sau da yawa ɗakin rabinsa babu kowa sai masu kamun ƙafa na ƙungiyoyi. Ka sa imel ɗinka a shafin ƙudirin in suna da wurin, a sanar da kai ranar sauraro, wasu jihohin suna karɓar shaida a rubuce ko ta bidiyo daga gida. Ka faɗi sunanka da mazaɓarka, ka ambaci lambar ƙudirin da sashen da ya dame ka, yawanci minti biyu ko uku za a ba ka.